Ranar da Surukina Ya Wanke Mini Inji

Motar ta girme ni. Kawuna ne ya saye ta tun yana aikin gwamnati, da ƙafarsa ta daina iya taka totur sai ya miƙo mini makulli ya ce in je in ji da ita. Na kuwa ji da ita. Duk layinmu a Gesse an san ni da ranar Asabar: kaina cikin inji, ƙafafuna a waje, maƙwabta na wucewa suna tambaya ko yau ma jikin tsohuwar ne. Ban taɓa jin haushinsu ba, don na san ta ciki da bai. Na san tarinta na gaskiya, na san na shagwaɓa. Ƙofar baya ta hagu daga waje kawai take buɗuwa, murfin inji kuwa kowa ma yana iya ɗaga shi, don abin da ke kulle shi ya daɗe da mutuwa. Amma idan ta tashi, to ta tashi, kuma ba na son a raina mini ita.

A cikinta na tafi Argungu ɗauko matata da 'yarmu ta fari. Ta je gida haihuwa kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, aka yi suna, ta zauna wankan jego har ta gama. Ni kuwa duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ɗaukar yarinyar ba. Surukaina masunta ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. A gidansu uban ɗan fari ba ya kallon jariri a gaban manya, ba ya tambayar lafiyarsa, balle ya miƙa hannu ya karɓa. Ranar suna abokaina suka yi ta karɓarta suna cewa ai hancina ne ta ɗauko, ni ina gefe ina nazarin takalmina. Abin da nake da shi kawai hotunan da uwarta ke turo mini a waya, waɗanda na yi ta buɗawa da yatsa ina ƙara musu girma har na haddace kunnenta na dama.

Saboda haka na yi shirina tun daga gida. Gwaggonnin da za su yi rakiya sai washegari za su biyo da kaya a motar kasuwa, mu kaɗai za mu taho. Da mun fita gari mun wuce gonakin albasa, zan nemi inuwa in tsaya, in karɓi 'yata, in ƙi mayarwa. Da wannan tunani na yi tuƙi tun daga Birnin Kebbi. Ina waƙar da ban san baitinta ba, ina yi wa shanu hon, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Wani mai babur har ya rage gudu yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni.

Na isa da hantsi. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baƙi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Surukata ta gaishe ni daga bayan labule, ta kuma gaya wa labulen cewa lallai mu kama hanya kafin rana ta yi sanyi, don ba a barin magariba ta riski jariri a hanya. Idan an makara, to sai wata Asabar ɗin. Na ce to, ina dariya a raina, don ina ganin rana guda cur a gabana. Ina cin tuwo ina jin kukan yarinyar daga cikin gida, kowane kuka sai na ajiye loma na saurara. Na kuma ji ƙarar injin ban ruwa a ƙofar gida, amma a Argungu wannan ƙara ba abin da za a ɗaga kai a kanta ba ce. Na ci na ƙoshi, har na ɗan kishingiɗa.

Da na fito zan tafi masallaci, sai na ga motata tana walƙiya kamar ba ita ba. Surukina na tsaye kusa da ita. Dogon dattijo ne, marar yawan magana, wanda tun da na auri 'yarsa ba abin da ya taɓa haɗa mu sai gaisuwa, ni a tsugune, shi yana kallon wani wuri. Ranar ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya jiƙe sharkaf, bututun injin ban ruwansa na hannunsa, ya jawo ruwa tun daga tafkin bayan gida. Murfin inji a ɗage. Injin kuwa sai ɗigar da ruwa yake yi ta ko'ina, fes kamar sabuwar tukunya.

Ya ce, "Motag ga ta yi dauɗa ƙwarai. Ba a sa jinjiri cikin ƙazanta. Na wanke ta waje da ciki, har cikin cikinta, yadda nika yi ma jirgina."

Kwalekwale ba shi da wayoyi, motata kuwa duk ranta a wayoyi yake, kuma ba abin da ta tsana kamar ruwa. Da wani ne ba shi ba, da ranar duk unguwar ta ji muryata, don ni ba mai haƙuri ba ne a kan motar nan. Amma shi ne, kuma murmushi yake yi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na tsuguna na yi godiya, na ƙara da addu'a, muka tafi salla tare.

Muna dawowa na shiga na murza makulli. Injin ya juya da ƙarfinsa, gurr, gurr, bai kama ba. Na sake, na sake. Warin fetur ya cika mini hanci, abin da ya nuna mai yana zuwa, wuta ce babu.

Dattijon ya leƙo ta taga. "Ko mai ya ƙare?"

Na ce, "A'a Baba, sanyi na yak kama ta. Kun san jikin tsuhwa."

Lokacin bazara ne, tsakar rana, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, tsufa ba ya son sanyi.

Hanyar gwada wutar mota mai sauƙi ce. Ka cire waya daga kan fulogi, ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, wani ya murza makulli. Idan lafiya ne za ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle yana ƙara. Idan ja ne ko rawaya, yana tafiya da kasala, to wutar ta yi rauni. Sai dai aikin mutum biyu ne, layin kuwa ba kowa, maza duk sun koma fadama. Dattijon ya ce shi ba zai zauna a kujerar direba ba, amma zai riƙe waya. Na ba shi filaya mai hannun roba, na nuna masa inda zai duba, na shiga na murza.

Ya ce, "Ban ga komi ba. Idona ba shi gani cikin ranag ga. Bari in ji da hannu."

Kafin in yi magana ya ajiye filayar ya kama bakin wayar da yatsunsa, ɗaya hannun a kan ƙarfen mota.

Na ce, "Baba, tana ja hwa."

"Ni da nika hidda minjirya cikin homa da hannun ga? Murɗa, Malam."

Minjirya ita ce kifin nan da ke jan mutum kamar lantarki, homa kuwa ragar kamun kifi ce, kuma na san ba cika baki yake yi ba. Na yi bisimilla na murza. Ya karkata kai kamar mai ɗanɗanon miya.

"Ɗan motsi kaɗai. Kamar kiyashi ya bi mutum."

Haka surukina ya zama ma'aunina. Na fara da distiribita, ɗan tulun nan da ke raba wa fulogai wuta. Ina ɓalle murfinsa na ga ruwa ya yi ɗigo-ɗigo a ciki. Nan da nan na juya baya na kare, na zaro hankici ina gogewa a ɓoye, don kada ya gane aikinsa ne. Amma dogo ne, ta saman kafaɗata ya gani. Muka tsaya mu biyu muna kallon ruwan.

Can ya ce, "Raɓa ta," wato wai raɓar dare ce ta sauka a ciki.

Na ce, "Raɓa ta, Baba."

A kan haka muka tsaya, kuma har yau ba wanda ya canza magana. Ya juya ya yi kira cikin gida a kawo wuta. Sai ga surukata da kaskon garwashin ɗakin mai jego, ta dire a bakin zaure ta koma ba tare da ta kalle ni ba. Na tsuguna ina gasa murfin daga nesa don kada robar ta narke, ina juya shi a hankali. Ashe akwai sauran turare a kaskon. Kafin in gama, distiribitata ta ɗauki ƙamshin sabuwar haihuwa. Daga cikin gida na jiyo dariyar matata, irin wadda ake toshewa da mayafi, na san an kai mata labari.

Na mayar da murfin, dattijon ya sake kama waya, na murza.

"Ta ƙaru. Yanzu ta kai cinnaka."

Na maƙala wayar a mazauninta na gwada. Motar ta yi tari sau ɗaya, sai ta yi shiru. Na koma kan kwantak, 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa a cikin distiribita. Sun yi baƙi. Ba ni da takardar goge ƙarfe, sai na roƙi kwalin ashana, ya lalubo a aljihu ya ba ni, na yago gefen da ake ƙyastawa na goge su har suka yi haske. Na ciro fulogai na goge, na hure, na mayar. Muka sake gwadawa. Ya ce har yanzu cinnaka ce, sai dai wadda ta ci ta ƙoshi.

A nan dariya ta fara barina. Inuwar katanga ta miƙe ta kusa taɓa taya. Aka kira la'asar, muka yi, muka dawo. Wayata ta yi ƙara a aljihu, matata ce ta rubuto cewa an yi wa yarinya wanka, an sa mata fararen kaya, suna jira. Ban gama karantawa ba muryar surukata ta tsallako katanga, ba da kowa take ba: "A hwaɗa ma baƙo rana ta hwara sanyi." Raina ya ɓaci sosai. Na ga kaina ina komawa Gesse a motar haya ni kaɗai, in shiga ɗaki in ci gaba da ƙara wa hoto girma har wani mako. Ina cikin wannan sai yarinyar ta yi atishawa daga can ciki, 'yar ƙarama, sifana ta kuɓuce mini ta faɗa ƙarƙashin mota.

Ina kwance ina lalubo ta na ce wa kaina in daina gaggawa. Na tashi na cire babbar wayar da ta fito daga kwayil, gwangwanin da ke ƙara wa wutar batir ƙarfi, na ba dattijon ita. Idan nan da ƙarfi, to matsalar tana gaba. Idan nan ma da rauni, to tana baya. Na murza, ya ce duk ɗaya ne. Ke nan kwayil ɗin kansa ba ya samun abinci. Na kama siririyar wayar da ke kawo masa wuta daga makulli, na fara binta da yatsa, taƙi bayan taƙi, ina matsawa. Ban roƙe shi ba, sai na ga hannun dattijon ya ɗaga mini dunƙulen wayoyin don in ga ƙasansu. Kanmu ya kusa haɗuwa. Tun da nake ban taɓa kusantarsa haka ba, har ina jin warin kifi da sabulu a rigarsa.

Can bayan inji, inda hannu ke shiga da ƙyar, yatsana ya taɓa wani ƙulli. Tsohon haɗi ne na kawuna, an naɗe shi da baƙin tef tun ban san motar ba. Na matsa, ruwa ya tsirto. Na warware tef ɗin. Jan ƙarfen da ke ciki ya zama kore, duk silin sun tsinke sai 'yan kaɗan kamar gashi, su ma ƙarfin ruwan bututu ya kusa raba su. Da wannan motar ke tashi shekara da shekaru, kuma ni mai cewa na san ta ciki da bai ban taɓa ganinsa ba.

Murna ta kama ni har na rasa abin yi. Na ɗaga wayar ina nuna masa ina dariya, saura kaɗan in rungume surukina, Allah ya tsare. Ya zaro wuƙarsa ta gyaran kifi ya miƙo mini. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na feƙe bakin biyu har jan ƙarfe ya fito sabo, na murɗa su da kyau. Ba ni da tef, sai ya kwanto robar tayar babur da yake ɗaure bututunsa, na naɗe haɗin tam. Tunda hannuna na wurin, na kwance wayar da ke kama jikin mota daga batir, na kankare tsatsar, na ɗaure.

Sai a lokacin na tuna abin da ke gabana. Dattijon ya riga ya kama babbar wayar da yatsunsa, ya dafa ƙarfe, ya gyara tsayuwa.

Na ce, "Baba, wannan karon a yi da hilaya."

"Da hannu munka hwara, da hannu muka ƙarewa."

"Baba, ta gyaru hwa. Ba kamar ɗazu ba ta."

"To ai shi nika son in ji. Murɗa."

Ba a musu da suruki. Na shiga na zauna, hannuna a kan makulli, ina kallonsa ta ƙarƙashin murfin inji. Wannan mutumin ne ya ba ni 'yarsa, ya kuma wanke mini mota da hannunsa, ga shi ni zan aika masa da wuta da gangan. Ga inuwa kuma ta hau kan taya. Na nemi gafarar Allah, na ɗan taɓa makullin kaɗan na saki.

Na ji ƙarar tartsatsin har cikin mota. Dattijon ya yi wani sauti da ban san daga ina ya fito ba, ya yi sama, hularsa ta yi gabas, takalminsa ɗaya ya yi yamma. Ya dira yana salati yana yarfe hannu. Na fito da gudu na tsuguna a gabansa ina ba da haƙuri, dariya na shaƙe ni, ina cije leɓe har na ji jini. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, yana buɗe su yana rufewa.

Ya ce, "Wagga ta hi minjirya."

Shi ya fara dariya. Da na ga haka sai tawa ta ɓalle. Muka dafa mota, shi ta can ni ta nan, muna yi har hawaye, mata na tambaya daga ciki ko lafiya. Na ɗauko masa hula, ya nemo takalminsa. Na mayar da wayar, na shiga, na murza. Ta tashi nan take, ta yi wani ruri da ya kori kajin layin. Sai dai tana ɗan rawa, sauran danshi bai gama fita ba, dole ƙafata ta zauna a kan totur, in ba haka ba ta mutu.

Rana na da saura. Aka fito da 'yan ƙullin kaya aka zuba a but. Matata ta fito lulluɓe, ba ta kalle ni ba, amma kafaɗunta na rawa, ta zagaya ta shiga baya. Ni ina tsaye a ƙofar direba, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan totur, ina kallon rufin mota kamar yadda ya kamata. Surukata ta fito da yarinyar cikin farin tawul ta miƙa wa mijinta don ya yi mata addu'ar tafiya. Ya karɓa, ya karanta, ya tofa a hankali. Abin da ya rage shi ne ya miƙa wa uwarta ta taga.

Sai ya zagayo ta gefena.

"Malam, karɓi nan. Hannun ga bai komo ba har yanzu, kar in yada ta."

Surukata ta buɗe baki, ya ce mata, "Hannu na," ta rufe. Na saci kallon hannun. Riƙe yake da ita daram, ko rawa ba ya yi. Na dubi nawa, baƙi ƙirin da mai. Na goga a gaban rigata ta zuwa gidan surukai, na sauke ƙafata daga totur, na miƙa hannu biyu.

Yana sakar mini ita ya juya baya ya durƙusa yana duba tayar gaba, yana latsawa da yatsa. Surukata ta tuna ta bar wani abu a zaure.

Ba ta kai nauyin da na zata ba. Ɗumi gare ta, tana ƙamshin hoda da turare, numfashinta na taɓa mini wuyan hannu. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta ɓata fuska, ta mayar ta rufe. Babban yatsana ya bar baƙin tambari a kan farin tawul ɗin. Ina so in yi dariya ina so in yi kuka, na kasa zaɓa, sai duka biyun suka zo tare.

A bayana injin ya yi tari, ya ja, ya sake tari, ya mutu.

Dattijon bai ɗago daga tayar ba. Ya ce, "Ƙyale ta. Wuta ta samu, tana tashi."

Ban ko juya ba. Na sunkuya na ce wa 'yata sannu da zuwa, na kira ta da sunanta, a ƙofar gidan kakanta, kowa na ji kowa ya yi kamar bai ji ba.